Fim mai minti 17 daga 1912: me ake saye idan an sayi faifansa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na fara sha'awar tara tsofaffin kayan silima, sai na ci karo da wani a intanet yana tallar faifan The Musketeers of Pig Alley mai faɗin milimita 16, ya ce wai na asali ne tun 1912. Na nemi fim ɗin na kalla kyauta a waya, na ga minti 17 ne kacal, babu magana, babu launi. Me masu tara fina-finai suka gani a jikinsa? Kuma in saya kuwa, alhali a Kano nake zaune?

Amsa: Ɗan'uwa, barka kadai. Zan fara da abin da ya shafi aljihunka, domin shi ne mai gaggawa. Babu faifai mai faɗin milimita 16 da aka buga a 1912. Kamfanin Kodak bai fito da wannan ma'auni ba sai a 1923, shekara 11 bayan fitowar fim ɗin, kuma a lokacin da ya fito gidajen silima na Amurka da milimita 35 suke aiki. Mai tallar nan ko dai bai san abin da ke hannunsa ba, ko kuma ya sani yana neman wanda bai sani ba. Wannan bai mayar da faifan banza ba. Mai yiwuwa kwafi ne mai kyau da aka buga shekara 40 ko 60 bayan haka, kuma irinsa ne yawancinmu muke riƙe da shi. Amma kuɗin kaka daban, kuɗin jika daban, kada ka biya na kaka a ba ka jika.

To, ga fim ɗin kansa. Kamfanin Biograph na birnin New York ne ya sake shi ranar 31 ga Oktoba, 1912. D. W. Griffith ne darakta, Billy Bitzer ne mai ɗaukar hoto. Labarin na wata unguwar talakawa ce mai cunkoso. Wani makaɗi matalauci ya yi tafiya neman kuɗi, ya bar wata yarinya da yake so tare da mahaifiyarta marar lafiya. Tsohuwar ta rasu kafin ya dawo. Da ya dawo da ɗan abin da ya samo, sai shugaban 'yan dabar unguwar, wanda ake wa laƙabi da Snapper Kid, ya tare shi a bakin ƙofa ya ƙwace jakar kuɗinsa. Daga baya wata ƙawa ta ja yarinyar zuwa wajen rawar 'yan daba, wani shugaban daba na ɓangaren hamayya ya zuba mata ƙwaya a abin sha, Snapper Kid ya gani ya hana ta sha. Daga nan rigima ta tashi tsakanin dabobin biyu, suka yi ta farautar juna a lungu har aka yi musayar wuta, makaɗin kuma ya samu ya fizge jakarsa a cikin hargitsin. Da 'yan sanda suka biyo Snapper Kid, sai yarinyar da makaɗin suka yi masa shaidar ƙarya cewa yana tare da su. Ya cece ta, sun cece shi, alheri danƙo ne. Sai dai fim ɗin bai tsaya nan ba. A daƙiƙun ƙarshe wani hannu ya ɓullo ta bayan ƙofa yana miƙo kuɗi, ba a nuna mai hannun ba, rubutun da ya zo tare da shi kuma yana nuni da cewa duk waɗannan mutane zobba ne a sarƙa guda.

Mutanen New York na 1912 ba su bukaci a fassara musu wannan hannu ba. A watan Yulin shekarar aka harbe wani mai gidan caca, Herman Rosenthal, a ƙofar otal ɗin Metropole, jim kaɗan bayan ya fito fili ya zargi 'yan sanda da karɓar na goro. Aka kama wani babban ɗan sanda, Charles Becker, da laifin shirya kisan, kotu ta same shi da laifi a watan Oktoba, kwanaki kaɗan kafin fim ɗin ya shiga silima. An zartar masa da hukuncin kisa a 1915. Ka ga ke nan fim ɗin ya fito ne daidai lokacin da duk mai sayen jarida a birnin ke zancen alaƙar 'yan daba da masu kaki. Wannan shi ne dalili na farko da ya sa masu tarihi ke riƙe da shi, ya kama wani lokaci da zafinsa.

Za ka ji ana cewa shi ne fim ɗin 'yan daba na farko a duniya. Masu talla suna son wannan magana, amma tana bukatar gyara. Biograph ɗin nan ta yi The Black Hand tun 1906, a kan masu satar mutane don kuɗin fansa. Abin da ya zo sabo a 1912 shi ne yadda aka gina ɗan dabar. Kafin nan mugu a fim mugu ne kawai, a gan shi a tsane shi. Elmer Booth, wanda ya fito a Snapper Kid, ya kawo wani abu daban: hula a karkace, taba a gefen baki, tafiya ta isa, fara'a da barazana a fuska ɗaya. Yana sata, yana kuma da irin nasa mutuncin. Lokacin da yarinyar ta zaɓi makaɗin ta bar shi, bai yi fushi ba, mamaki ya yi, ya dube su kamar wanda aka gaya wa abin da hankali ba zai ɗauka ba, ya gyara rigarsa ya fita. Duk ɗan dabar fim da ya zo bayansa yana burge mai kallo alhali ɓarawo ne, tun daga irin waɗanda ɗan wasan Amurka James Cagney ya fito a shekarun 1930, akwai ɗigon Booth a jikinsa. Shi kuwa bai ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Ya rasu a hatsarin mota a Los Angeles a watan Yunin 1915 yana da shekara 32, motar ta yi karo da jirgin ƙasa.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya da ni, domin nan ne amsar tambayarka take. Koma ka sake kallon wajen farautar nan ta lungu. Akwai inda Snapper Kid da yaransa suke tahowa a laɓe jikin bango, suna nufo kyamara sannu a hankali. Ba a yanka ba, ba a matsar da kyamara ba. Booth yana tahowa, yana tahowa, har fuskarsa ta cika gefen hoton, idonsa yana zarya hagu da dama, Harry Carey, wanda ya fito a ɗaya daga yaransa, yana biye da shi a baya, sa'an nan ya fice ta gefe. A silima, a babban bango, mutum yakan ja da baya a kujerarsa. A 1912, lokacin da aka saba ganin ɗan wasa tun daga kai har ƙafa kamar a dandamali, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma sai da Bitzer ya riƙe fuskar tar ba dishi-dishi tun daga nesa har kusa.

Sa'an nan dubi titi. Wajen da Lillian Gish, wadda ta fito a yarinyar, ta taho da ƙunshin kaya tana ratsa jama'a, hoton cike yake da mutane: yara a bakin ƙofa, mata masu ciniki, tsoho mai gemu a zaune, wata yarinya da ta gifta ta dube ta, wadda ƙanwarta ce Dorothy. Lillian tana da shekara 19 lokacin da fim ɗin ya fito, kuma ba ta fi 'yan makonni da fara fitowa a silima ba. Ɗakin ɗaukar hoton Biograph yana lamba 11 a titin East 14th cikin Manhattan, don ɗaukar hoto a waje kuma sukan tsallaka kogi zuwa Fort Lee a jihar New Jersey, amma an cika lungun da mutane da shara da ganguna har ya yi kama da hotunan unguwannin baƙin haure da jaridun lokacin ke bugawa. Dukiyar fim ɗin nan a fuskoki take, na gaba da na can baya.

Fuska kuwa ita ce farkon abin da ke mutuwa idan ana kwafar fim daga kwafi. Ka san yadda takarda ke komawa idan aka yi mata hoto a inji, aka sake yi wa hoton hoto, aka sake. Baƙi yana ƙara baƙi, fari yana ƙara fari, abin da ke tsakani ya gudu. Haka fim yake. Daga negatif, wato ainihin zaren fim ɗin da ya zauna cikin kyamarar Bitzer, ake buga kwafin farko. Idan babu negatif, sai a ɗauki kwafi a yi sabon negatif daga jikinsa, a buga wani. Kowane hawa yana cin wani abu. A hawa na biyu kana ganin ƙwayar idon Booth da zaren rigarsa. A hawa na biyar idanun sun zama ramuka biyu baƙaƙe, fuskar Gish ta zama farin faranti, mutanen bayan lungu sun narke sun zama inuwa. Labarin yana nan daram, amma abin da ya sa ake girmama fim ɗin ya tafi. Yawancin abin da ke yawo kyauta a waya daga irin waɗannan gajiyayyun kwafi aka ɗauko shi, aka kuma matse shi don ya yi sauƙin saukewa. Shi ya sa ban yi mamaki ba da ka kalla ka ce me aka gani.

Don haka mai tara fim na gaskiya salsala yake saye. Kamar yadda almajirin ilimi ke tambayar wa ya karantar da malaminsa, haka mu ma muke tambayar faifai: daga wane negatif aka buga ka, shi kuma daga ina, hawa nawa ne tsakaninka da 1912? Faifai biyu za su iya zama da suna ɗaya, tsawo ɗaya, gwangwani iri ɗaya, ɗaya ya ninka ɗaya daraja sau da yawa saboda wannan kaɗai.

An yi sa'a salsalar fina-finan Biograph tana da tushe. Griffith ya yi wa kamfanin fina-finai sama da 450 tsakanin 1908 da 1913, kuma kusan dukkansu sun tsira, abin da ba a samu ga yawancin takwarorinsa ba. Hanya biyu ce ta tsirar da su. Ta farko, kafin a gyara dokar haƙƙin mallaka ta Amurka a 1912, doka ba ta san wani abu wai shi fim ba, hoto ta sani. Sai kamfanoni suka riƙa buga fim ɗin gaba ɗaya a kan doguwar takarda suna kai wa Laburaren Majalisar Dokokin Amurka a matsayin hoto. Takarda ta fi fim ɗin lokacin juriya, sai ga shi wajen fina-finai 3,000 sun rayu ta haka, daga baya aka mayar da su kan faifai. Hanya ta biyu, a 1939 gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke New York, ƙarƙashin mai kula da fina-finansa Iris Barry, ya karɓi tarin negatif na Biograph da suka rage. Kwafin da ya gangaro daga negatif ya fi wanda ya gangaro daga takarda kyau nesa ba kusa ba, domin takarda tana shanye ƙananan bayanai. Shi kansa wannan fim an shigar da shi rajistar fina-finan da Amurka ta wajabta wa kanta adanawa a 2016.

Ka auna wannan da abin da ya sami sauran. Binciken da Laburaren Majalisar ya wallafa a 2013 ya ƙirga dogayen fina-finai marasa magana 10,919 da Amurka ta yi daga 1912 zuwa 1929. Kashi 70 cikin 100 sun ɓace ɗungurungum. Kashi 14 ne kawai suka rage cikakku a ma'auninsu na asali. Waɗansu kashi 11 sun rayu ne a kwafin ƙasashen waje ko a ƙananan ma'auni irin milimita 16 da 28, wato irin faifan da ake bugawa don kallon gida. Ka lura da wannan adadi na ƙarshe, domin shi ne mutuncin sana'armu. Akwai fina-finai da yawa da kamfanonin da suka yi su suka ƙone ko suka narkar don cire azurfar jikinsu, amma suka rayu saboda wani mutum ya ajiye faifai a ɗakinsa. A 1978 an tono faifai 533 a garin Dawson na arewacin Kanada, inda aka cike wani tsohon wurin ninkaya da su, sanyin ƙasa ya riƙe su kusan shekara 50. Mu ma nan gida mun ɗanɗana irin wannan farin ciki: Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, an daɗe ana ɗauka ya ɓace, sai aka gano faifansa a ma'ajiyar hukumar fina-finai ta Najeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a Berlin a 2018. Duk mai buɗe tsohon gwangwani yana da wannan fata a ransa.

Akwai abin da ba zan tsallake ba game da Griffith, domin duk wanda zai sa kuɗinsa a aikinsa ya kamata ya sani. Shi ne ya yi The Birth of a Nation a 1915, fim ɗin da ya ci mutuncin baƙar fata ya kuma ɗaukaka Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu tsanar baƙaƙe, har ya taimaka wajen farfaɗo da ita. Ni baƙin mutum ne, kuma wannan yana yi mini ciwo duk lokacin da na ɗora faifansa a majigi. Ina riƙe da aikinsa na Biograph ne saboda abin da ya koya wa silima, da kuma saboda Bitzer da Booth da Gish da ɗaruruwan fuskokin da ba a rubuta sunansu ba. Gwanintarsa gaskiya ce, ɓarnarsa ma gaskiya ce, kuma ban yarda a ambaci ɗaya a ɓoye ɗaya ba.

Mu dawo kan faifan da aka yi maka talla. Mafi yawan kwafin wannan fim da ke hannun jama'a a milimita 16 da 8 an buga su ne daga shekarun 1950 zuwa 1970, lokacin da kamfanoni irin Blackhawk Films na garin Davenport a jihar Iowa ke sayar wa masu sha'awa da makarantu tsofaffin fina-finai ta gidan waya. Kwafin Blackhawk yana da suna mai kyau a wajen masu tarawa, galibi da tambarinsu da ɗan bayanin tarihi a farkon faifan, sau da yawa kuma a kwalinsu. Akwai kuma na 'yan kwafe, waɗanda suka sami kwafin wani suka buga nasu daga jikinsa. Tun zamanin Biograph ake wannan sata, shi ya sa a yawancin fina-finansu za ka hangi tambarin kamfanin, wato AB, a manne jikin bangon ɗakin da ake wasa, don ko an yanke sunan kamfani daga farko, shaidar tana cikin hoton.

Tsawo shi ne gwaji mafi sauƙi. Fim ɗin faifai ɗaya ne, wajen ƙafa 1,000 a milimita 35. Kowace ƙafa tana da hoto 16, jimla wajen hoto 16,000. Idan ana juya hoto 16 a daƙiƙa, sai ya ba ka kusan minti 17 ɗin da ka gani. A milimita 16 hoto 40 ne a ƙafa, don haka cikakken kwafi zai kai wajen ƙafa 400, a milimita 8 kuma wajen 200. Idan mai sayarwa ya ce ƙafa 250 ne a milimita 16, an yanke wani abu. Wannan lissafi yana kuma gaya maka irin majigin da za ka nema. Majigin fim mai magana hoto 24 yake juyawa a daƙiƙa, zai cinye fim ɗin a minti 11, kowa ya riƙa gudu kamar an kunna masa wuta, tahowar nan ta Booth a jikin bango ta rasa duk nauyinta. Saurin da mutane ke yi wa dariya a tsofaffin fina-finai yawanci laifin majigi ne. Nemi wanda ke da saurin 16 ko 18. In daga Amurka ya zo, wutarsa 110 ce, tamu kuwa ta ninka haka, sai ka haɗa da na'urar rage ƙarfin wuta tun kafin ka soka shi a bango.

Gefen zaren fim ɗin ma yana magana. Kodak tana buga ƙananan alamomi a bakin fim, da'ira ko murabba'i ko mai kusurwa uku, waɗanda ke nuna shekarar da aka ƙera shi, kuma jerin yana maimaita kansa duk shekara 20. Ka sa mai sayarwa ya ɗauko maka hoton gefen a kusa, a kan haske. Ka sa ya ɗauko hoton rubutun da ke shiga tsakanin fage da fage, domin an sha sake sakin fina-finan Biograph da sabon rubutu, wani lokaci da sunayen 'yan wasa a farko, alhali a 1912 kamfanin ba ya bayyana sunan 'yan wasansa. Ka kuma duba ko an datse gefen hagu na hoton, abin da ke faruwa idan kwafin ya bi ta hannun waɗanda suka buɗe wa layin sauti wuri. Wanda ya ƙi aiko maka da waɗannan hotuna, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Batun Kano kuma, a nan zan yi maka magana da babbar murya. Idan wata rana wani ya kawo maka faifan milimita 35 na zamanin da, ya ce na asali ne, kada ka kai shi gida. Har zuwa farkon shekarun 1950 fim ɗin silima da sinadarin naitiret ake yin sa, ɗan'uwan albarushi. Idan ya kama wuta yana samar wa kansa iskar da yake ci, ruwa ba ya kashe shi, hayaƙinsa kuma guba ne. Idan ya fara ruɓewa yakan yi ɗanko, ya yi kumfa, ya dunƙule, ya koma jan gari, kuma a wannan hali zafin da bai wuce digiri 41 ba ya isa ya tayar da shi da kansa. Kai ka san abin da ɗaki mai rufin kwano ke zama a watan Afrilu. A Yulin 1937, cikin tsananin zafi, ma'ajiyar kamfanin Fox a Little Ferry ta New Jersey ta kama da wuta, yawancin fina-finansu marasa magana suka tafi a dare ɗaya. A 1929 hotunan asibiti na naitiret sun kama a wani asibiti a Cleveland, mutum 123 suka mutu, akasari saboda hayaƙin. Irin wannan faifai wurinsa ma'ajiyar hukuma mai sanyi, kuma ba a aika shi ta gidan waya kamar sauran kaya.

Milimita 16 da 8 ba su da wannan haɗari, tun farko a kan asitet, wata roba marar saurin kama wuta, aka yi su don gida da makaranta. Nasu ciwon daban ne. Zafi da laima suna sa asitet ya riƙa sakin tsami, ka buɗe gwangwani ka ji wari kamar ruwan kal. Daga nan zaren ya ƙanƙance, ya kanannaɗe, ramukan gefensa su daina shiga haƙoran majigi. Ba a warkar da shi, sai dai a rage masa gudu, kuma tururin faifai mai ciwo yana gaggauta lalacewar na kusa da shi. Na koyi wannan da hasara. Shekarun baya na bar kwali guda na faifai a wani ɗakin ajiya, bazara ta wuce a kansu, damina ta biyo, da na buɗe sai warin ya tare ni tun daga ƙofa. Uku daga ciki ba su sake hawa majigi ba, kuma har yau ina jin zafin abin. A ƙasarmu hunturu abokin fim ne ta wajen bushewa, in ka kare shi daga ƙura. Bazara da damina su ne abokan gaba. Ajiye faifai a kwance, a ɗaki mafi sanyi a gidan, nesa da rufi da bangon da rana ke duka, a gwangwanin da iska ke ɗan shiga. Akwai 'yan takardun gwaji da wata cibiya a Rochester ke yi, ana jefa ɗaya a gwangwani, in ta tashi daga shuɗi zuwa kore ko rawaya ka san tsami ya fara. In ka sami kwafin da aka buga a kan robar foliyesta, wadda ta yawaita daga baya, shi ba ya wannan ciwo, kuma a yanayinmu na fi son sa ko da ya fi ƙuruciya.

Wani reshe na sana'ar shi ne takarda: fasta, hotunan talla, da takardar sanarwa da Biograph ke aika wa masu silima game da kowane sabon fim. A nan ne manyan kuɗi suke, domin an buga su ne don a manna a yage bayan kwana biyu. Fastar fim ɗin London After Midnight na 1927 an sayar da ita dala 478,000 a gwanjo a 2014, fim ɗin kansa kuwa kwafinsa na ƙarshe da aka sani ya ƙone a ma'ajiyar kamfanin MGM a shekarun 1960. Daraktansa Tod Browning shi ne ke tuƙa motar da Elmer Booth ya rasu a ciki. Inda kuɗi ya yi yawa haka, jabu ma yana yawa. Fastar wancan zamani da dutse ake buga ta, girmanta inci 27 da 41, kuma in ka sa gilashin ƙara girma ba za ka ga jerarrun ɗige-ɗigen injin zamani ba. Ban ba sabon shiga shawarar ya fara daga nan ba.

To, ka saya? Idan nufinka ka ga fim ɗin da kyau, nemi gyararren bugu a DVD daga kamfanonin da ke aiki da gidajen adana fim, ka kalle shi a babban allo cikin duhu. Zai fi yawancin faifan milimita 8 fitowa, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Idan nufinka jari ne, wannan ba hanyarsa ba ce, domin an buga kwafin gida da yawa, kuma kuɗin kawo shi Kano zai iya fin kuɗin faifan. Amma idan abin da ke ranka shi ne ka riƙe zaren a hannunka, ka ɗaga shi a haske ka ga hotunan ɗaya bayan ɗaya, ka ji ƙarar majigi, ka tara yara da abokai a tsakar gida su ga abin da mutanen 1912 suka gani ta hanyar da suka gan shi, to wannan dalili ne mai kyau, kuma shi ne nawa.

Rubuta wa mai sayarwar. Gaya masa cikin ladabi cewa milimita 16 bai kai 1912 ba, ka ga yadda zai amsa, domin amsar za ta nuna maka ko da wa kake ciniki. Tambaye shi tsawon faifan a ƙafa, sunan kamfanin da ya buga, yawan wuraren da aka yanke aka liƙa, da ko akwai wari. Sa'an nan ka roƙe shi hoto guda ɗaya tak daga wajen da Booth ya iso gaban kyamara a jikin bango. In kana iya ganin farin idonsa da ƙwayar a rarrabe, kana kuma iya gane fuskar Harry Carey a bayansa, yi tayi a kan kuɗin kwafin shekarun 1960. In idanun ramuka ne baƙaƙe, bar masa kayansa ka jira wani.